Daga Jirgin Kara Zuwa Jirgi Marar Matuƙi: Tarihin Neman Daidaito a Sararin Sama

Tun kafin a san rediyo ko batir a ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir, yara sun saba da ƙera abin wasansu da hannunsu. Da zarar an gama girbi, sai su tsinto karan gero ko na dawa, su feƙe ɓawonsa, su soka shi cikin totuwa, su fitar da mota da amalanke. Bayan da jirgin sama ya fara ratsa sararin ƙasar Hausa, musamman daga watan Nuwamba na 1925 da wasu jiragen sojan Ingila guda 3 suka taso daga Masar suka sauka Kano, sai shi ma ya shiga jerin abubuwan da ake kwaikwayo. Sai dai jirgin kara yana da fiffike da wutsiya, amma ba ya tashi. In an wurga shi sai ya karkace, ya kifa da hanci. Abin da ya rasa shi ne daidaito, kuma neman wannan daidaito shi ne ƙashin bayan tarihin ƙananan jiragen da ake sarrafawa daga ƙasa.

Jirgi a sama yana motsi iri uku: yana karkata dama ko hagu, yana ɗaga hanci ko ya sunkuyar da shi, yana kuma juya kai gefe. Babban jirgi nauyinsa na taimakonsa wajen jure bugun iska. Ƙarami kuwa, wanda bai wuce kilo ɗaya ko biyu ba, ƴar iska kaɗan ta isa ta birkice shi kafin mai riƙe da shi ya farga.

Wanda ya fara shawo kan matsalar wani Bafaranshe ne mai suna Alphonse Pénaud. Ran 18 ga Agusta 1871, a lambun Tuileries na birnin Paris, ya saki wani ɗan jirgi mai aiki da murɗaɗɗiyar roba, ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11. Dabararsa a cikin siffar jirgin take: ya lanƙwasa bakin fikafikan sama, ya sa wutsiya a baya, ta yadda in jirgin ya karkace zai komo da kansa. Wani abin wasa da aka yi bisa fasahar wannan mutum ne mahaifin Wilbur da Orville Wright ya kawo musu a 1878, su ne kuma suka tashi da jirgi mai inji a 1903. Ashe abin wasa ya girmi jirgin gaske.

Hanya ta biyu ta biyo ta wata na'ura da ake kira jairoskof, sunan da masanin Faransa Léon Foucault ya raɗa mata a 1852. Duk wanda ya taɓa kallon katantanwa tana juyi, ko mazari a hannun mai kaɗi, ya ga sirrinta: abin da ke juyawa da sauri ba ya yarda a karkatar da shi cikin sauƙi. A watan Yuni na 1914, wani matashi Ba'amurke, Lawrence Sperry, ya haɗa irin wannan na'ura da linzamin jirginsa, ya bi ta kan kogin Seine a gaban alƙalan gasa hannuwansa a sama, makanikensa na tsaye bisa fiffike, jirgin bai kife ba. Ya ci kyautar faran 50,000. Amma na'urar tana da nauyi da tsada, ba ta ƙaramin jirgi ba ce.

Sarrafa ƙaramin jirgi da rediyo ya kankama a 1937, lokacin da wasu tagwaye a Amurka, Walter da William Good, suka tashi nasu. Shekaru da dama bayan haka, daidaiton jirgin yana ga ido da yatsun mai shi ne kawai, kuma kowane sabon shiga sai ya farfasa jirage kafin ya gwanance. Masu ƙananan jirage masu saukar ungulu su suka fara liƙa ƙaramin jairoskof a wutsiya. Babban sauyi ya zo ne da aka ƙera na'urar a jikin ƙwayar lantarki da ba ta kai farcen yaro ba. Wannan ba ta juyi, kaɗawa take, tana auna karkacewa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya, ta aika wa ƙananan injunan da ke motsa fikafikai umurni su gyara. Da wayoyin hannu suka yawaita sai kuɗinta ya faɗi warwas. Wajen 2010 har masu sha'awa suna ɓalle ta daga abin wasan Nintendo Wii suna ɗaura wa jiragensu, manhajar ArduPilot kuma ta bazu kyauta ga mai so. A 2011 kamfanin Horizon Hobby ya fito da tsarin AS3X a cikin jiragen da ake saya a shirye.

Tsofaffin hannu ba su ji daɗin haka ba duka. A ganinsu wanda na'ura ke riƙe wa jirgi bai koyi tuƙi ba. Wasu kuma na ganin cewa na'urar tana tsare ɗan koyo ne har hannunsa ya faɗa. A wuri irin Maraɗi wannan gardama tana da wani nauyi na daban. Iskar hunturu ba ta da sassauci, ga guguwar bazara, ga hadarin farkon damina mai tasowa ba sallama. Kayan gyara kuma daga nesa suke zuwa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma ga matashin da ya daɗe yana tara kuɗin batir da inji, faɗuwa ɗaya tana iya zama ta ƙarshe.

Abin da ya sa maganar ta wuce wasa shi ne, ƙasar Maraɗi ta riga ta san amfanin kallo daga sama. Daga 1983 manoman yankin, tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi. Aikin ya yi ta yaɗuwa daga gona zuwa gona ba tare da duniya ta lura ba, sai a tsakiyar shekarun 2000, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada hotunan sama na 1975 da sababbi. Nan aka gane cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Manoma suka yi aikin, amma idon da ya gan shi na baƙi ne.

Buƙatar irin wannan ido ba ta ƙare ba. Gulbin Maraɗi, wanda ambaliyarsa ta 1945 ta cinye tsohon gari har aka koma tudu, yana nan yana ratsa fadamar da ta haɗa Jiratawa daga kudu da Tsibirin Gobir daga arewa maso yamma. A Jiratawa akwai filin noman rani na kimanin hekta 500 da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, inda sanin magudanar da ta toshe ko gonar da ruwa bai kai ba yake nufin amfanin shekara. Hoton da za a auna ƙasa da shi kuwa sai jirgin da ba ya rawa.

An riga an ga misali. A 2016 wani ɗan Nijar, Aziz Kountché, ya yi amfani da jirgin da ya ƙera da kansa ya zana taswirar sansanonin ƴan gudun hijira a jihar Diffa, don hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da su. A Kaduna, rundunar sojan sama ta Nijeriya ta fito da jirage marasa matuƙi na ƙirar gida a 2013 da 2018, ta sa musu suna Gulma da Tsaigumi. Sunayen kansu sun nuna ɗaya fuskar al'amarin, wato leƙen asiri. Daga 2019 zuwa 2024 sojan Amurka sun riƙa tashin manyan jirage marasa matuƙi daga sansaninsu na Agadas, kuma a yankin da ke fama da rashin tsaro duk abin da ya yi shawagi abin tuhuma ne. Tun 2016 hukumomin Nijeriya suka hana tashin irin waɗannan jirage ba da izini ba.

Tsakanin jirgin kara da jirgin da ke zana taswira, tazarar da ta rage ita ce ƙwayar lantarki mai araha, da ilimin haɗa ta, da dokar da za ta bambanta ɗalibi da mai mugun nufi. Maraɗi tana da maƙera da masu gyaran waya da rediyo, tana kuma da jami'arta tun 2010, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo. Idan aka haɗa waɗannan hannuwa da aikin gona na Jiratawa da Tsibiri, jikokin masu sassaben zamani za su iya ƙirga gawon gonakinsu daga sama da kansu.