Yadda Ake Auna Yaron Dambe a Ƙasar Kazaure da Kewayenta

Dambe wasan mahauta ne tun asali, kuma a gidajen fawa aka fara sanin yadda ake gane yaron da zai yi ƙarko a fage. Ƙasar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa sarautarta a 1819, tana zaune ne tsakanin Kano da Katsina da Daura. Roni da Gwiwa suna maƙwabtaka da ƙasar Katsina, Babura kuwa tana kallon iyakar Nijar. Ƙasa ce ta gero da dawa da kasuwannin dabbobi, kuma duk inda aka sami kasuwar dabbobi akwai rundawa, inda rundawa suke kuwa ba a rasa kalangu. Da kaka, idan an kai amfanin gona rumbu, 'yan dambe sukan bi garuruwa da makaɗansu, su sauka wajen Sarkin Fawa, a share fili da la'asar. Bikin aure ko suna a gidan mahauci shi ma dalili ne na kafa fage.

Yaro ba ya fara dambe da zare. A dandali yake farawa, da farin wata, cikin langa da kokawa da damben tsumma, inda yara ke naɗe hannu da tsohon ƙyalle suna kwaikwayon manya. Babu wanda ya ce musu ana kallonsu, amma ana kallo. Tsohon ɗan damben da ya kwance zare yakan zauna gefe, kuma ba ƙarfin naushi ne abin da ya fi damunsa ba, domin ƙarfi yana zuwa da shekaru da aikin ɗaukar nama da kayar da sa. Ido yake dubawa: shin yaron yana runtsewa idan hannu ya taso masa? Yana duba ƙafa, ko tana kafuwa a ƙasa ko tana harɗewa idan an matsa masa. Sannan ya jira lokacin da za a buge yaron, domin a nan ake sanin zuciya. Wani yakan tashi ya kaɗe ƙura ya nemi a sake, wani ya tashi da kuka ya rarumi dutse. Na biyun ko ya fi kowa ƙarfi ba a ɗaukarsa, saboda mai fushi ba ya ganin hannun abokin karawarsa.

Wanda ya yi wa manya daɗin kallo sai ya shiga hannun ubangida. Aikinsa na farko hidima ce: ɗaukar jakar kayan wasa, ɗebo ruwa, riƙe bakin zare lokacin da ake ɗaure wa maigidan hannu. A wannan zama yake koyon yadda ake naɗa kara a dunƙule, a bi shi da zare har wuyan hannu, ba a matse ya hana jini gudu ba, ba a kuma sassauta ya warware a tsakiyar turmi ba. Yana koyon tsayuwa, hannun garkuwa a miƙe gaba da tafi a buɗe, hannun bugu a ja baya yana jiran ƙofa. Nan ne kuma ake tantance ko bahago ne. Bahago yana da daraja ta musamman, don yawancin 'yan wasa sun saba da mai bugu da dama, naushin hagu yakan zo musu ta inda ba su tsare ba. Layu da tsagar magani a hannu suna cikin tarihin sana'ar, kuma ubangida ne ke kula da su, amma tsofaffin 'yan dambe da kansu ba su taɓa ɗaukar laya a madadin motsa jiki ba.

Shaidar kammala wannan mataki ita ce suna. A fagen dambe yaro yakan amsa sunan wanda ya raine shi: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Dogon wane, Garkuwan wane. Da an kira sunan, mai kallo ya san gidan da yaron ya fito da irin salon da zai gani. Ubangida ba ya ba da sunansa da arha, tunda duk faɗuwar yaron a kansa za a ƙirga ta. Makaɗi shi ne alƙali na biyu. Ba ya ɓata fatar kalangunsa a kan wanda bai gani ba, kuma ranar da ya kaɗa wa yaro take nasa na kansa, yaron ya fito yana tsuma yana kirari, ranar ce jama'a suka san an yi sabon ɗan dambe. Abin da makaɗi Ɗan'anace ya yi wa ɗan dambe Shago, har sunan Shago da na abokin gwabzawarsa Ɗandunawa suka wuce zamaninsu, shi ne ƙololuwar wannan alaƙa tsakanin mai zare da mai waƙa.

Mafi wuyar hukunci shi ne zaɓen wanda yaro zai sa zare da shi. A damben da ba a san ma'aunin nauyi ba, ido ne sikeli. Yara su ne ke sharar fage kafin manya su fito, kuma a wannan sharar fagen ake ɗaga su sannu a hankali. Turmi uku ne wasa. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, idan kuwa babu wanda ya faɗi sai a ce sun tashi babu kisa. Ubangida mai hankali yakan fi jin daɗin yaron da ya yi turmi uku babu kisa da wanda ya girme shi kaɗan, fiye da wanda ya kashe ƙanƙanin yaro a turmin farko. Idan wani ƙato ya zo ya miƙa wa yaronsa hannu yana neman su dambata, yana da ikon ya hana, kuma hanawar ba abin kunya ba ce. Naushi ɗaya da ya zo kafin lokacinsa yana iya karya muƙamuƙi, yana kuma iya karya abin da ya fi muƙamuƙi wuyar ɗori, wato zuciyar yaron. Kamar ɗan maraƙi ne, ba a ɗaura masa garma don kawai ya yi tsawo.

A wasu ƙasashe an mayar da irin wannan awo lissafi a takarda. A ƙwallon Ostareliya, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa, tun 1986 ƙungiyoyi ke zaɓen matasa bi da bi a ƙarshen kowace kaka, wadda ta zo ƙarshen tebur ita ce ke fara ɗauka, kuma kafin zaɓen ana gwada tsallen yaro da gudunsa na mita 20 da juriyarsa a dogon zango. Duk da haka masu farautar 'yan wasa a can ma sai sun je sun zauna a bakin fili, saboda agogo ba ya nuna abin da yaro zai yi bayan an kayar da shi.

Sauyi ya zo wa dambe ne lokacin da ya bar jiran kaka ya koma gidajen wasa na dindindin a birane, inda ake biyan kuɗin ƙofa. 'Yan wasa suka rarrabu ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramada da Jamus, kuma sana'ar ta daina zama ta mahauta kaɗai: 'ya'yan manoma da masu tura baro da 'yan acaɓa duk sun shigo. Ga yaron Roni ko Gwiwa, hanyar ci gaba yanzu ita ce ya hau mota zuwa Kano, ya nemi shiga fage irin na Ado Bayero Square, daga nan wataƙila Dei-Dei a Abuja ko Legas. Ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, wadda ta raba Kazaure da Jihar Kano, bai sauya wannan ba, domin Kazaure na kan titin Kano zuwa Daura, kuma Kano ce kasuwar da 'yan wasan yankin suka fi kallo. An shiga zamanin gasar babur da mota, sannan daga 2017 tashar Dambe Warriors ta fara yaɗa wasannin a YouTube, har mutanen ƙasashen waje suka san shi.

Wannan buɗi ya kawo alheri da ba a musunsa. Yaro yana iya yin suna cikin mako guda idan bidiyon kisan da ya yi ya zaga wayoyi, kuma a manyan gasanni yanzu ana raba 'yan wasa gwargwadon nauyi, ana ƙayyade lokacin turmi, ana ajiye ma'aikatan lafiya a gefe. Amma saurin yana da tsada. Mai gidan wasa yana son abin da zai cika masa benci, kuma babu abin da ke cika benci kamar ƙaramin yaro mai tashe a gaban tsohon hannu. Yaron da ya zo birni shi kaɗai, ba ubangidan da ya san shi tun yana damben tsumma, ba shi da mai ce masa ya dakata. A ƙananan fagage, inda babu sikeli babu likita, yakan sa zare yau ya sake sawa gobe da kumburin jiya a fuskarsa, saboda kuɗin abincinsa da na motar komawa gida suna cikin abin da 'yan kallo za su liƙa masa.