Daga Baro Zuwa Nguru: Yadda Jirgin Gyaɗa Ya Zama Jirgin Talaka

Dattawan da suka yi zamani da jirgin Nguru suna ba da labarinsa kamar labarin wani ɗan'uwa da ya yi ƙaura. Tun da sassafe tashar Kano take cika. Ga 'yan dako suna kai-komo da buhuna, ga mata da ƙullin kaya da goyo a baya, ga almajiri rungume da allo da buzu. Layin sayen tikiti kan miƙe har waje. Da kan jirgi ya yi kuka, sai kowa ya zabura, mai rakiya ya ja da baya yana cewa "Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida." Daga nan sai Zakirai, sai Ringim, sai Taura, sai Gagarawa, sai Malam Madori, sai Birniwa, har a dangana da Nguru, inda dogo ya ƙare. Tafiyar kimanin kilomita 230 ce, amma takan ci yini guda.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, waɗanda suka shimfiɗa wannan dogo ba fasinja ne a ransu ba. Kaya suke nema. Turawan mulkin mallaka sun ƙwallafa rai a kan audugar ƙasar Hausa domin masaƙun Ingila, sai dai jaki da raƙumi ba za su iya kai ta bakin teku da arha ba. Saboda haka a 1907 aka fara aikin layin dogo daga Baro, wani ɗan gari a gaɓar kogin Kwara, aka nufo Kano. Gwamnan Arewa na lokacin, Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ne, kuma saboda wannan aiki aka kawo shi. Ta ruwa ake hauro da ƙarafa zuwa Baro idan kogi ya cika. Haƙa da ɗaukar ƙasa kuwa wuyan talakawa suka hau. Hakimai da dagatai ne ake ɗora wa alhakin kawo leburori daga ƙauyuka, da yawansu ba da son ransu ba. Ladan da ake biyansu da sulallan Turawa yana cikin abubuwan da suka kori kuɗin wuri daga kasuwanni.

A 1911 dogo ya iso Kano. A 1912 aka haɗe shi da layin da ya taso daga Ikko ya biyo ta Ibadan da Jebba, suka zama hanya guda mai tsawon kilomita 1,126. Nan fa lissafin Turawa ya sha bamban da na manomi. Audugar da ake jira ba ta fito yadda aka zata ba, domin masaƙan gida sun fi kamfanonin Turawa biya da daraja. Manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ga shi in kasuwa ta ƙi a ci abarsu a gida. Cikin kaka ɗaya ko biyu buhunan gyaɗa suka fi ƙarfin taragun da ake da su, suka taru jibge a tasha. Wannan ne mafarin dalar gyaɗa, kuma a wannan kasuwa ne Alhassan Ɗantata ya yi suna.

Jirgin ya rufe wasu hanyoyi kamar yadda ya buɗe wasu. Ayarin raƙuman da kan shafe watanni tsakanin Kano da Tarabulus ya mutu murus, tunda kayan Turai suna isowa ta Ikko cikin 'yan kwanaki. Fataken goro da kan kora jakuna zuwa Gwanja suka sake dabara: a ɗoro goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya kawo shi Kano da ɗanyensa.

Daga nan rassa suka yi ta fita, kowanne da kayan da aka je nema. Ƙaramin dogo ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos a 1914 domin kuza, aka rufe shi a 1957. Layin gabas ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan ya haɗu da na yamma a Kaduna. Wani reshe ya bar Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, domin auduga da gyaɗa. Na Nguru aka kammala a 1930. Na ƙarshe shi ne wanda ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Duba taswirar dogon da kyau, za ka ga kowane layi gangarawa yake yi zuwa bakin teku. Sakkwato da Katsina, duk da girmansu a tarihi, dogo bai leƙa su ba.

Duk da haka talaka ya karɓi abin ya mayar da shi nasa. Mafi yawan jama'a a taragun masu arha suke shiga, kan bencin katako, gwiwa na gugar gwiwa. Kafin a wuce tasha biyu an san juna: an san wadda za ta je suna, da wanda zai kai ɗansa makarantar allo a gabas, da mai kai fatu kasuwa. Goro ya zagaya, a buɗe ƙunshin dambu a ce "bisimilla." A kowace tasha 'yan talla kan yi wa tagogi caa, da fura da nono, da dafaffen ƙwai, da rake, da ƙosai. Sau da yawa ciniki bai ƙare ba jirgi zai motsa, yarinya ta biyo shi da gudu tana miƙa canji ta taga. A zamanin jirgin kwal, fasinja kan sauka farar rigarsa ta yi ɗigo-ɗigon baƙi. In an yi ƙorafin jinkiri, wani dattijo zai ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Tashoshin nan sun haifi garuruwa. Kaduna tashar jirgi ce kafin ta karɓi hedikwatar Arewa daga Zungeru. Kafanchan jirgi ne ya raya ta. Malam Madori ta bunƙasa ne saboda nan ce tashar da mutanen Haɗeja ke hawa da sauka, kamar yadda Gagarawa ta zame wa Gumel. Nguru kuwa ta zama matattarar shanu da fatu da ƙaro da busasshen kifi daga Barno da ƙasar Nijar. Ma'aikatan reluwe da akawuna daga kudu suna cikin waɗanda suka fara cika unguwannin Sabon Gari a Kano da Zariya. Daga cikin ma'aikatan reluwe ne kuma aka sami Michael Imoudu, jagoran babban yajin aikin 1945 da ya girgiza gwamnatin Turawa.

A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, lokacin harka na kan ganiyarta. Faɗuwar ta zo a hankali. Aka shimfiɗa titunan kwalta, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya. Kuɗin man fetur ya kawar da hankalin gwamnati daga noma. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka rushe dala, jirgi ya rasa babban abin da yake ci da shi. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979 suka riƙe hukumar na 'yan shekaru, abubuwa suka ɗan farfaɗo, da suka tafi aka koma gidan jiya. Ciyawa ta rufe dogo a wurare da dama, 'yan kasuwa suka baje kolinsu a kansa.

A ƙarshen 2012 aka dawo da jirgin Ikko zuwa Kano bayan gyara, yana shafe fiye da sa'o'i 30 a hanya. A watan Yulin 2016 aka buɗe sabon layi mai faɗi tsakanin Idu a Abuja da Rigasa a Kaduna, kilomita 186, mai taragu masu sanyi. Jama'a suka rungume shi saboda tsoron masu garkuwa da mutane a kan titi, har ranar 28 ga Maris 2022 da 'yan bindiga suka kai masa hari, suka kashe fasinjoji suka sace wasu da dama. Sai a watan Disamba na shekarar ya dawo aiki. A 2021 kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Sababbin layukan abin maraba ne, amma manyan birane suke haɗawa. Manomin Birniwa da mai tallar furar Taura da ɗan kasuwar Ƙaura Namoda tsohon dogo suka sani, kuma har yau yana nan kwance a bayan gidajensu. Kakanninsu ne suka haƙa shi da hannu. Hakkinsu ne a gyara shi, a sa masa jirgin da zai riƙa zuwa a kan lokaci, da kuɗin tikitin da talaka zai iya biya.