Daga Bakin Tekun Kamaru Zuwa Duwatsun Shere

Duk wanda ya yi hidimar ƙasa ya san 'yan Man O' War, masu sa matasa tsallake katanga da hawan igiya a sansani. In muka bi sawun sunan nan kuwa, zai kai mu bakin teku, kusa da garin Victoria wanda yanzu ake kira Limbe, a ƙasar Kamaru.

A can ne a 1951, zamanin da Ingila ke mulkin Kudancin Kamaru tare da Najeriya, wani Bature mai suna Alec Dickson ya kafa sansanin horar da matasa a wani lungun teku da ake kira Man O' War Bay. Ya ɗauko salon daga makarantar Outward Bound da aka buɗe a Wales a 1941, ya gyara shi daidai da ƙasar da ke shirin mulkin kai. Malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e, daga Arewa da Kudu, sukan kwana wuri guda, su ci daga tukunya ɗaya, su koyi iyo, su hau Dutsen Kamaru, sannan su shiga ƙauyuka aikin gayya. Darasin shi ne ɗan boko ya riƙe diga da shebur, ya san gumin talakan da zai shugabanta gobe.

A 1960 aka yi wa cibiyar doka. Ba a jima ba siyasa ta raba ta da mahaifarta: a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, Kudancin Kamaru ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru. Dole aka tattara kaya zuwa Kurra Falls a ƙasar Filato, daga baya aka yada zango a duwatsun Shere, gefen Jos. Hawan dutse ya maye gurbin igiyar ruwa, sunan teku kuwa ya biyo su har tudu.

Da aka kafa hidimar ƙasa a 1973, bayan yaƙin basasa, Najeriya ta sake neman hanyar haɗa 'ya'yanta inuwa guda, sai ta tarar da dabarar a shirye. Ta nan horon ya bazu zuwa sansanonin jihohi.

Yau tsohon wurin ya zama sansanin sojan Kamaru, ɗaliban farko kuma da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Mun gaji kaki da fareti, amma labarin dalilin kafawa yana neman kuɓuce mana. Lokaci ya yi da za a tattara tsoffin hotuna da rajistar ɗalibai, a naɗi muryoyin dattawan da suka rage, a adana su a Gidan Tarihi na Jos da Arewa House a Kaduna. Matashin da ya san don me aka kafa sansanin zai fita daga Shere da niyyar yi wa jama'arsa aiki.