Tsatsar Jiki: Nazari Kan Motsa Jiki da Allurar Ƙarin Ƙarfi

Duk manomin Gamu, a ƙasar Gure, wanda ya taɓa mance hauyarsa a gona har raɓa ta kwana a kanta, ya san yadda jan tsatsa ke cin ƙarfe sannu a hankali. To, irin wannan al'amari ne ke aukuwa cikin jikin ɗan Adam, domin iskar oksijin da muke rayuwa da ita, yayin da ƙwayoyin halitta ke ƙona abinci da ita, takan bar waɗansu ɓurɓushi masu lahanta tsoka da jijiya. Rinjayar wannan ɓurɓushi bisa sinadaran kariya na jiki, wato tsatsar jiki, shi ne abin da masani Bajamushe Helmut Sies ya fayyace ma'anarsa a 1985.

Abin ta'ajibi shi ne, saurayin da ke atisayen kokawa bayan kaka, yana mafarkin Takobin Ƙasa da aka soma gasarsa a Tawa a 1975, ƙara wannan ɓurɓushi yake yi duk sa'ad da ya jiƙe da gumi. Amma da yake Allah Ya gina jiki bisa mizani, wahalar da ba ta wuce kima ba ita ce ke horar da shi ya yawaita sinadaran kariya, har gobe ya fi yau juriya.

Allurar ƙarin ƙarfi kuwa, wadda aka kwaikwayo daga sinadarin mazakuta da masana suka haɗa a 1935, wannan mizani take karyawa, gama gwaje-gwajen da aka yi da ɓeraye sun nuna cewa yawan nandrolone ko stanozolol, wanda ya jawo wa ɗan tsere Ben Johnson asarar lambar zinariyarsa a Seoul a 1988, yana ƙara tsatsar a zuciya da hanta da ƙoda, yana kuma rage fa'idar da atisayen ya haifar.

Mai jayayya zai ce ai damtse yana cika, ƙirji yana faɗi. Haƙiƙa hakanan ne, sai dai zuciya ma tsoka ce, idan ta yi kauri fiye da ƙa'ida aikinta ya raunana. Kuma tun da malamai sun lissafa kiyaye rai cikin manufofin Shari'a, bai halatta a sayar da lafiyar shekaru arba'in domin kirarin dare ɗaya ba. Ƙarfin da aka tara da gumi, da fura, da isasshen barci, shi ne ke raka mai shi har furfura.