ZARE: Yadda likitoci suka yi kusan shekara 300 suna rikita tunjere da ciwon sanyi

1/ Jama'a, a wajenmu duk abin da ya taɓa al'aura sunansa "sanyi". Ƙaiƙayi sanyi, fitar ruwa sanyi, ƙurji sanyi. To ku sani manyan likitocin Turai ma sun daɗe cikin wannan ruɗanin, kuma ba kallon ido ne ya fitar da su ba, gwaji ne. Ga tarihin, yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

2/ Ciwon sanyi tsohon ciwo ne. Sunansa na likitanci, gonoriya, ana danganta shi ga Galen, likitan Girka na ƙarni na 2, kuma ma'anarsa "zubar maniyyi". Ya ga mugunya tana fita daga gaban namiji, ya zaci maniyyi ne. Kun ga tun daga sunan aka fara kuskure.

3/ Tunjere kuwa ya bayyana a Turai da ƙarfinsa a 1495, lokacin da sojojin Sarki Charles na 8 na Faransa suka ci birnin Napoli. Eh, Napolin da Osimhen ya ci kofi. Da sojojin haya suka watse zuwa garuruwansu, sai ciwon ya bi su.

4/ Kowa ya ɗora wa maƙwabcinsa. Italiyawa suka ce ciwon Faransawa, Faransawa suka ce ciwon Napoli, Rashawa suka ce na 'yan Poland ne, Turkawa suka ce na Kiristoci. Sunan sifilis sai a 1530 ya zo, daga wata waƙa ta likita Girolamo Fracastoro, mutumin Verona. Magani kuwa zaiba ce, a shafa ko a turara, har haƙora su zube.

5/ Da yake hanyar kamuwa ɗaya ce, kuma mutum ɗaya kan ɗauki duka biyun, sai likitoci da dama suka ce ai ciwo ɗaya ne mai fuska biyu. A 1767 John Hunter, shahararren likitan tiyata na Landan, ya ce bari ya raba gardama. Ya ɗebi mugunyar mai ciwon sanyi ya shafa a yankan da aka yi a gaban wani mutum. Wasu sun ce kansa ya yi wa, masana na musu a kai.

6/ Sai alamun ciwon sanyi suka fito, daga baya na tunjere ma suka biyo. Hunter ya ce shi ke nan, abu ɗaya ne, ya buga a littafinsa na 1786. Abin da ya ɓace masa: mai yiwuwa wanda aka ɗebi mugunyarsa yana ɗauke da cutukan biyu a lokaci guda. Gwaji a kan mutum ɗaya tak, amma saboda girman sunan mai shi, aka yi shekara 50 ana bin sa. Benjamin Bell na Edinburgh ya musa a 1793, ba a saurare shi sosai ba.

7/ Philippe Ricord ne ya warware a Faris a 1838, bayan ya yi ta gwaji a jikin ɗimbin marasa lafiya. Ya nuna cutuka biyu ne, ya kuma kasa tunjere mataki uku. Nan ku tsaya da kyau, don har yau haka yake:

8/ Da farko ɗan gyambo ne a inda cutar ta shiga, gaba ko dubura ko baki, kamar mako 3 bayan saduwa. Galibi BA YA ZAFI, kuma yana warkewa da kansa cikin mako 3 zuwa 6. Daga baya ƙuraje su feso, har tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su tafi. Sai cutar ta yi lamo shekara da shekaru, a wasu ta dawo ta kama zuciya, ƙwaƙwalwa ko ido.

9/ Wannan warkewa da kansa shi ne jarin mai maganin tasha da lasifikarsa. Ka sha jiƙo, gyambo ya bushe, ka yi ta yabon mai magani. Ko ruwan randa ka sha da ya bushe, malam. Cutar tana nan cikin jini.

10/ Mu koma tarihi. 1879, Albert Neisser, yana ɗan shekara 24 a Breslau, ya hango ƙwayar ciwon sanyi a madubin likita, bibbiyu manne da juna kamar wake. Sa'an wasunmu ne fa, mu muna nan muna jiran ASUU. A 1881 Carl Credé na Leipzig ya yaɗa ɗiga wa jarirai magani a ido, domin ƙwayar na shiga idon jariri wajen haihuwa ta makantar da shi.

11/ Ƙwayar tunjere ta fi wuyar gani, siririya ce a murɗe, kusan ba ta kama launi. Sai 1905 Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann suka gano ta a Balin. 1906 gwajin jini na Wassermann ya fito, karon farko da za a iya kama cutar a jikin wanda ba ya nuna komai.

12/ Amma gwajin yana da babban aibi. Ba ƙwayar yake gani ba, martanin jiki yake aunawa. Zazzaɓin cizon sauro, kuturta, har juna biyu kan sa ya nuna akwai alhali babu. Ku kwatanta wannan a ƙasa irin tamu da maleriya ta zama ruwan dare. VDRL na 1946 da RPR na 1957, jikokin Wassermann, sun gaji wannan halin, shi ya sa ake bin su da gwaji na biyu irin TPHA don tabbatarwa.

13/ Magani: Salvarsan na Paul Ehrlich da Sahachiro Hata a 1910, sai fenisilin da John Mahoney ya nuna tana warkar da tunjere a 1943. Har yau ita ce, allurar benzatin fenisilin.

14/ Yanzu ɓangaren da ke ɓata mini rai. 1932, hukumar lafiyar Amurka ta tara baƙaƙen fata 600 a Tuskegee, jihar Alabama, 399 masu tunjere, 201 marasa shi. An gwada su, an san sakamakon, ba a faɗa musu ba. Aka ce musu "mugun jini" ne ke damunsu. Irin dai yadda mu ke cewa "sanyi", suna guda da ke rufe komai.

15/ Fenisilin ta zo, aka hana su, don likitoci na son ganin yadda cutar ke cinye mutum har kabari. Matansu suka kamu, aka haifi yara da ita. Sai 1972, bayan Peter Buxtun, tsohon ma'aikacin hukumar, ya tsegunta wa 'yan jarida, aka dakatar. Shekara 40! Bill Clinton ya nemi gafara a 1997. A Guatemala kuwa, 1946 zuwa 1948, da gangan likitocin Amurka suka sa wa fursunoni, sojoji da masu taɓin hankali cutukan.

16/ A ganina duk wanda ya yi maka gwaji bai zaunar da kai ya gaya maka sunan ciwon da ma'anar sakamakon ba, bai gama aikinsa ba. Ka tambaya, haƙƙinka ne.

17/ Ciwon sanyi kuma ya ɗauki wata hanya: gagara. A 1976 aka samu nau'in da fenisilin ba ta kashewa, wani reshensa an danganta shi da Afirka ta Yamma. Tun daga nan yake tsallake magunguna ɗaya bayan ɗaya, yanzu allurar seftiriyazon aka fi dogaro da ita. Kafso huɗu daga kemis ba tare da gwaji ba horar da ƙwayar kawai kake yi.

18/ Batun masai: a'a. Ƙwayoyin biyu ba sa daɗewa a wajen jiki. Saduwa ce hanya, ta gaba, ta baki ko ta dubura, sai kuma daga uwa zuwa ɗa. Namiji kan ga mugunya da zafin fitsari cikin 'yan kwanaki, mata da yawa ba sa ganin komai har sai ta toshe hanyar ƙwai. Ƙaiƙayi da farin ruwan da 'yan'uwa mata ke kira sanyi kuwa sau da yawa wani abu ne daban da ba ruwansa da saduwa. Aure nawa zargi ya girgiza a banza?

19/ Gwajin yau: tunjere jini ake ɗiba, akwai ma na tsirar yatsa mai minti 15 zuwa 20. Idan kamuwar sabuwa ce zai iya ƙin nunawa, sai a maimaita bayan makonni. Wanda ya taɓa yi ya warke, irin su TPHA kan ci gaba da nunawa har abada, RPR ne ke sauka. Ciwon sanyi fitsari ne ko ɗan auduga a wurin. Idan an samu, miji da mata, da kishiyoyi in akwai, duk tare ake magani.

20/ Masu juna biyu: tunjere na jawo ɓari, haihuwar ɗa ba rai, ko jariri mai cutar. Gwajinsa na cikin na awon farko. Yaya, Anti, in kin je awo ki duba katinki, ki tambayi nas ko an yi miki VDRL, ki kuma ji me ya nuna.