Shari'a Saɓanin Hankali: Waiwaye a kan Hukunci Biyu na 'Yan Juri

A kotunan da muka saba da su, alƙali ne yake sauraron shaidu, shi ne kuma yake yanke hukunci. A Ingila da Amurka kuwa, idan laifi babba ne, aikin a rabe yake. Akan zaɓo mutum goma sha biyu daga cikin jama'ar gari, waɗanda ake kira 'yan juri, su saurari shaidu, su keɓe su yi shawara, sannan su fito su ce mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Alƙali yana bayyana musu doka, yana kuma yanke horo. Wannan maƙala za ta dubi shari'u biyu da aka sallami waɗanda ake tuhuma, domin a ga amfanin wannan tsari da kuma inda yake iya kasawa.

Ta farko ta auku a Landan a 1670. A lokacin doka ta hana taron ibada da ba bisa tsarin Cocin Ingila ba. Hukuma ta kulle ɗakin ibadar wata ɗariƙar Kiristoci da ake kira Quaker, sai William Penn da William Mead suka yi taronsu a kan titin Gracechurch. Aka kama su, aka gurfanar da su a kotun Old Bailey a watan Satumba, bisa tuhumar haramtaccen taro da tayar da hankalin jama'a.

Da 'yan juri suka dawo daga shawara, sai suka ce abin da ya tabbata a gare su kawai shi ne Penn ya yi magana a kan titi, wannan kuwa ba laifi ba ne. Alƙalai suka fusata, suka sa aka kulle su kwana biyu, ba ci, ba sha, ba wutar jin ɗumi. Yunwa ba ta sauya musu ra'ayi ba. A ƙarshe ma sai suka ce mutanen biyu ba su da laifin komai. Kotu ta ci kowane ɗan juri tara, ta tura su kurkukun Newgate har sai sun biya. Edward Bushel da wasu suka ƙi biya, suka ɗaukaka ƙara. A watan Nuwamba na shekarar, Babban Alƙali John Vaughan ya yanke cewa ba a hukunta ɗan juri saboda hukuncin da ya bayar. Hujjarsa ita ce, mutum biyu suna iya jin shaida ɗaya kowa ya fahimci wani abu dabam. In kuwa dole ne 'yan juri su faɗi abin da alƙali yake so, to zamansu ba shi da amfani. Tun daga nan talaka ya sami katanga tsakaninsa da fushin masu mulki.

Wannan tsari ya bi Turawan Ingila zuwa Amurka, inda shari'a ta biyu ta auku bayan shekara 285. A watan Agusta na 1955, Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, ya zo daga Chicago ziyarar dangi a jihar Mississippi. Aka zarge shi da yi wa wata Baturiya rashin kunya a kanti. Mijinta Roy Bryant da ɗan'uwansa J. W. Milam suka ɗauke shi da dare daga gidan dattijo Mose Wright, mijin 'yar'uwar kakarsa. Bayan kwana uku aka tsamo gawarsa a kogin Tallahatchie.

A kotun garin Sumner, Mose Wright ya miƙe tsaye ya nuna mutanen da suka tafi da yaron, alhali ya san yin haka kasada ce da ransa. Duk da haka, ranar 23 ga Satumba, 'yan juri suka sallami Bryant da Milam bayan shawarar da ta ɗara sa'a guda da kaɗan. A watan Janairu na 1956 mujallar Look ta buga hirar da aka biya su suka yi, inda suka amsa cewa su ne suka kashe yaron. Ba a iya sake gurfanar da su kan kisan ba, domin doka ta hana a yi wa mutum shari'a sau biyu a kan laifin da aka wanke shi.

Ikon da ya ceci Penn shi ne ya kuɓutar da makasan Till: a duka biyun babu mai tilasta wa 'yan juri, babu mai hukunta su. Bambancin yana ga waɗanda suka zauna a kujerun. A Sumner duk goma sha biyun maza ne farar fata, saboda daga masu rajistar zaɓe ake ɗauko su, kuma ko da yake baƙar fata ne suka fi yawa a gundumar, babu ko ɗaya cikinsu da ke da rajista.  Tun a ofishin rajista aka gama shari'ar.

Wannan ya sa gwagwarmayar da ta biyo baya ta karkata ga hanyar zaɓen 'yan juri. A 1968 majalisar Amurka ta wajabta a riƙa ɗauko 'yan jurin kotunan tarayya daga dukkan sassan al'umma, a 1986 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Batson, ta hana mai gabatar da ƙara cire ɗan juri saboda launin fatarsa.

Bushel ya nuna cewa mai yanke hukunci yana buƙatar 'yanci daga tsoron sarki. Shari'ar Sumner ta ƙara da cewa 'yancin kaɗai ba ya haifar da adalci, matuƙar an tsame wani ɓangare na jama'a daga masu yanke hukuncin. Duk al'ummar da take son gyara kotunanta, da juri ko babu juri, sai ta tambayi kanta abu biyu: wa mai hukunci yake tsoro, kuma wa aka hana kusantar kujerar?