Duniyoyi Nawa Ne A Bayan Ranarmu? Kowa Da Tiyarsa

Duk wanda ya taɓa auna gero a kasuwar Kankia ya kai shi Kusada ya san tiyar wani ba ta wani ba ce. Buhu ɗaya, lissafi biyu. To, masana taurari ma shekara talatin ke nan suna fama da irin wannan.

A 1992 Aleksander Wolszczan da Dale Frail suka gano duniyoyi suna kewaya gawar wani tauraro. A Oktoban 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka sanar da 51 Pegasi b, ta farko da aka gani tana kewaya tauraro mai kama da ranarmu. A wannan shekarar ce Jean Schneider ya buɗe kundin ƙirga su a Paris. Hukumar NASA ta Amurka ta buɗe nata rumbun a 2011.

Nan fa aka rabu. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ce abin da ya haura nauyin Jupita sau 13 ya fara fita daga sahun duniyoyi, ya zama tauraron da bai kama wuta sosai ba. NASA tana karɓa har sau 30, Paris kuwa har sau 60. Shi ya sa a Maris ɗin 2022 da NASA ta yi shelar cika 5,000, adadin tiyarta ne kawai. Ɗalibin da ya kwaso alƙaluma daga nan da can ya gwamutsa, to aikinsa ya ɓaci tun daga tushe.

Wasu ma sharewa ake yi. An yi ta murna da Alpha Centauri Bb a 2012, zuwa 2015 aka gano kuskuren lissafi ne. Fomalhaut b kuwa har hotonta aka nuna a 2008, amma a 2020 bincike ya nuna tarin ƙura ne ke bajewa. Ni dai ban ga abin kunya a nan ba. Matsalar ita ce ba rana ɗaya kundayen ke gyarawa ba.

Sai kuma suna. A 2019 aka ba Najeriya damar raɗa wa wata duniya suna, aka sa mata Equiano, tauraronta kuma Amadioha. Amma in ka shiga rumbun NASA, da HD 43197 b za ka neme ta.